Kafin ka saya wa yaro jitar lantarki, duba wuyanta da wutar gidanka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da iyayen da 'ya'yansu suka matsa musu lamba a kan a saya musu jitar lantarki da amfilifaya, wato akwatin da ke fito da sautinta ya ƙara masa ƙarfi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake yawan yin wannan sayayya da ido kawai. Uba zai shiga shagon kayan kiɗa a Sabon Gari, ko ya aika a kawo masa daga kasuwar Alaba ta Legas, ya zaɓi wadda fentinta ya fi sheƙi, ya haɗa da amfilifayar da ta fi girma. Bayan wata biyu jita tana ƙarƙashin gado ta yi ƙura, a ce ai yaron ba shi da baiwa, ko kuma dama ɗoki ne. Sau da yawa laifin na kayan ne. Jitar da tsirkiyarta ta yi nisa da wuya tana yanka yatsun babba ma, balle na ɗan shekara tara, kuma yaro ba zai iya bayyana maka abin da ke damunsa ba. Zai dai daina ɗauka.

A fara da girma. Abin da ake aunawa a jita shi ne tsawon tsirkiya daga inda ta zauna a kan wuya ta sama zuwa inda ta hau jaki, wato ƙarfen nan da ke tallafe da ita a jikin jitar, kamar dai jakin goge ko na garaya. A samfurin Stratocaster na kamfanin Fender wannan tsawon inci 25.5 ne, kimanin milimita 648. Na Les Paul na kamfanin Gibson inci 24.75 ne. Akwai waɗanda aka rage domin ƙananan hannuwa: Squier Mini inci 22.75 ce, Ibanez miKro kuma inci 22.2. Bambancin inci uku kamar ba komai ba ne a takarda, amma shi ke kusanto da ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet, har yatsun yaro su iya kaiwa daga wannan zuwa wancan. A ganina yaron da bai kai shekara goma ba gara a saya masa mai gajeren wuya. Daga shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, cikakkiya ta fi, don kada a sake sayayya baɗi. Amma shekaru ba su kai gwaji ba. A zaunar da yaron a kujera, a ɗora masa jitar a cinya, ya miƙa hannu zuwa firet na farko. Idan sai ya miƙe gwiwar hannunsa sambal ko ya karkata kafaɗa kafin ya kai, ta fi ƙarfinsa. Ya sa manuniya a firet na ɗaya, ya gwada kai yatsan zobe firet na uku. In ya yi haka ba tare da ya murtuke fuska ba, girman ya yi. A kuma tuna da nauyi, domin cikakkiyar jitar lantarki takan kai kilo uku da rabi, wasu ma su haura huɗu.

In yaron bahago ne, a kai shi shago ya riƙe ta hannun dama da ta hagu kafin a yanke shawara. Ana ƙera jita ta bahagwai, kuma ba abin kunya ba ne: Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar da hagu yake kaɗawa, duniya kuma tana saurarensa. Juya tsirkiyoyin jitar dama kawai ba ya wadatarwa, sai an sake ramukan da suke zama a ciki an kuma sake saita jaki.

Yanzu ga inda nake so iyaye su fi tsayawa, wato wuyan jita da nisan tsirkiya. Ba a bukatar kayan awo na musamman. Katin ATM da ke aljihunka kaurinsa milimita 0.76 ne. A ƙirga firet daga sama zuwa na goma sha biyu, inda galibi ake sa ɗigo biyu. A haɗa kati biyu a zura tsakanin saman wannan firet da tsirkiya mafi siranta. Ya kamata su shiga daidai, suna ɗan gogar ta, wato kusan milimita 1.5 ke nan. A ƙarƙashin tsirkiya mafi kauri kati biyu su shiga da ɗan sarari, kati uku su cika wurin ko su ɗan ɗaga ta. Idan kati huɗu suka shige sakayau, wannan jitar za ta azabtar da yaro. Wani lokaci gyaran minti goma ne, a sassauto da jaki da ƙaramin alanki, wato ɗan makullin nan mai kusurwa shida. Wani lokaci kuma wuyan ne ya lanƙwashe.

Ga yadda ake gane lanƙwasar wuya. A danne tsirkiya mafi kauri a firet na farko da hannu ɗaya, a danne ta a firet na ƙarshe da ɗaya hannun, wani ya duba tsakiya, wajen firet na bakwai ko takwas. Ya kamata a ga ɗan siririn sarari tsakanin tsirkiya da firet, kamar kaurin farar takarda biyu ko uku, wajen rubu'in milimita. In babu sarari ko kaɗan, tsirkiya za ta riƙa zuzar ƙarfe tana ƙara kamar ƙuda a kwalba. In sararin ya kai kaurin kati, wuyan ya rusuna gaba da yawa. A cikin wuyan kowace jitar kirki akwai wani dogon ƙarfe da ake murɗawa da alanki don daidaita wannan lanƙwasa. Murɗawa dama tana miƙar da wuyan da ya rusuna, murɗawa hagu tana sassauta shi. Ba a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, sannan a sake saita sautin a sake dubawa. Idan ƙarfen ya ƙi motsi, kada a sa ƙarfi, domin in ya karye gyaransa yakan kai kuɗin jitar. Shawarata ita ce a sa mai shago ya murɗa shi kaɗan a gabanka kafin ka biya. Jitar da ƙarfenta ya cije ko yake juyawa a banza, a bar masa kayansa ko da rabin kuɗi ya bari.

Sai a ɗaga jitar a hangi wuyan daga kai zuwa jiki, kamar mai duba miƙewar katako. Lanƙwasa gaba ko baya tana gyaruwa. Murɗewa kuwa, inda gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ba ta da magani mai araha. Bayan haka a bi kowace tsirkiya firet bayan firet ana kaɗawa. Inda sauti ya mutu ko ya shaƙe a wuri ɗaya tak, akwai firet da ya ɗara 'yan'uwansa tsayi. A kuma shafa gefen wuya da tafin hannu a hankali. Wannan ya shafe mu ƙwarai a arewa, saboda yawancin jitocin nan an ƙera su ne a ƙasashe masu laima irin su Indonesiya da Sin, kuma katakon jita ya fi son laimar iska wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan hunturu ya shigo, katakon wuya yakan bushe ya tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa, sai bakinsa ya leƙo waje ya yi kaifi kamar zarto. Mai gyara zai goge bakunan da ƙaramin magagari, aikin sau ɗaya ne, kuma watan Janairu ko Fabrairu ya fi dacewa a yi shi, lokacin da katakon ya kai ƙarshen tsukewarsa. Saboda wannan sauyin yanayi, a sake duba lanƙwasar wuya sau biyu a shekara, da shigowar hunturu da faɗuwar damina.

Akwai gwaji ɗaya da ake mantawa da shi, har yaro ya riƙa zargin kunnensa. A saita tsirkiya da na'urar saiti, wato wadda ke nuna harafin sautin da tsirkiya ta bayar, har ta tsaya daidai, sannan a danne ta a firet na goma sha biyu a sake kaɗawa. Ya kamata na'urar ta nuna harafin da ta nuna da farko, allurarta a tsakiya. Idan sautin da aka danne ya haura, sai a ja mazaunin wannan tsirkiya a kan jaki baya, ta ƙara tsawo. Idan ya gaza, a turo shi gaba. Ƙaramin sukurudireba ne kawai aikin ke ci.

Game da jaki, a guji wanda yake lilo mai makulli, irin wanda ake kira Floyd Rose. Yara na son sa saboda sandar da ake lanƙwasa sauti da ita, amma tsirkiya ɗaya in ta tsinke sauran biyar duk sai su sauka daga saiti, canza ta kuma aiki ne da kan gajiyar da gwani. Jaki kafaffe shi ne na ɗan koyo. In an samu mai sanda irin na Stratocaster, a cire sandar a ajiye, a ƙara ɗaure sukurori biyu na sifirin da ke bayan jitar har jakin ya kwanta a jikin katako.

Sautin jitar lantarki yana fitowa ne daga fikof, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe aka kafa a ƙarƙashin tsirkiya. Iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya siriri ne, muryarsa garau, ita ce irin wadda ake yawan ji a kiɗan jitar Agadas. Aibinsa shi ne yana kwaso gurnanin wutar lantarki, musamman kusa da fanka, ko ƙwan fitila mai araha, ko in janareta na aiki. Mai naɗi biyu ya fi faɗi, an haɗa naɗin ne ta yadda ɗaya ke kashe gurnanin ɗaya, muryarsa kuma ta fi kauri. Ga irin wutar da muke fama da ita, jitar da ke da mai naɗi biyu kusa da jaki da masu naɗi ɗaya guda biyu ta fi dacewa, kuma haka aka ƙera Yamaha Pacifica 012 da 112. A shago a jona jitar, a matsa makunnin zaɓi mataki-mataki, a ɗan taɓa kowane fikof da bakin sukurudireba. Wanda ke aiki zai ce ƙwas a sifika. A juya maɓallan ƙara da na murya daga farko zuwa ƙarshe a ji ko suna ƙarar yashi. A girgiza wayar a ramin da ta shiga. In sauti na yankewa, noti ne ya saki, kuma kada a ɗaure shi ta waje kawai, domin cikin zai juya tare da shi ya tsinke siraran wayoyin da aka liƙa da dalma. A kwance farantin, a riƙe cikin da yatsa, sannan a ɗaure.

Jabu ya cika kasuwa. Duk sabuwar jitar da aka rubuta wa Fender ko Gibson ana sayar da ita kuɗin ta ɗan koyo, sunan ne kawai aka manna. Squier da Epiphone su ne ƙananan sunayen waɗannan kamfanoni biyu na halal, kuma tsohuwar Squier ko Yamaha ta hannu wadda wuyanta ke lafiya ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba.

Na zo kan amfilifaya, kuma a nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta shafi rai. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. Wutar Amurka da Kanada bolt 120 ce, ta Japan 100. Amfilifayoyin hannu da yawa daga can suke zuwa. A juya bayan akwatin a karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. In an ga 120V kaɗai, sa ta a soket ɗinmu ƙona ta ne nan take, wani lokaci har da hayaƙi. Canza kan fulogi ba ya rage wuta. Sai an haɗa da taransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka adadin wat da aka rubuta a bayan amfilifayar a matsayin abin da take ci. Mafi sauƙi dai a nemi wadda aka rubuta wa 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240.

Abu na biyu shi ne wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin ƙarfen amfilifaya ta cikin wayar da ke tsakaninsu. Ma'ana, duk lokacin da yaro ya riƙe jita, hannunsa na kan ƙarfen amfilifaya. Idan wani abu ya lalace a ciki wuta ta taɓa wannan ƙarfe, ƙafa ta uku ta fulogi ce ke kwashe ta zuwa ƙasa. Gidajenmu da yawa soket ɗinsu rami uku gare shi amma babu waya a na ukun, wasu kuma sukan karye ƙafar fulogin don ya shiga abin jona mai rami biyu. A yi tunanin yaro zaune a daɓen siminti ba takalmi, tafinsa da gumi, yatsunsa a kan tsirkiya shida na ƙarfe: shi ne ya zama wayar ƙasar. Don Allah a kira mai gyaran wuta ya gwada soket ɗin ɗakin da yaron zai riƙa kaɗawa kafin a jona komai. Ɗan gurnanin da ke raguwa in an taɓa tsirkiya ba matsala ba ne, haka jita take. Gurnanin da ke ƙaruwa in an taɓa yana nuna an juya wayoyi a cikin jitar. Amma in yaro ya ce yana jin tsirkiya na ɗan cizonsa ko tana masa ƙaiƙayi a yatsa, a zare fulogi daga bango a take, kada a sake jonawa sai an gyara. Janareta ma yana bukatar a kafa masa nasa ƙarfen ƙasa, kuma a kashe amfilifaya kafin a juya layi daga Nepa zuwa inji.

Saboda duk wannan ne nake ganin amfilifaya mai batir ita ce ta fi dacewa da yaro a ƙasar nan. Blackstar Fly 3 wat 3 ce, Boss Katana Mini wat 7, kowacce batir shida ƙanana na AA take ci, ana kuma iya sa masu caji. Babu fargabar jan wuta, babu gurnanin janareta, ɗauke wuta kuma ba ya katse darasi. In an fi son ta bango, wat 10 zuwa 20 ya isa har ya yi yawa, irin su Fender Frontman 10G mai sifika inci 6 ko Orange Crush 20 mai inci 8. Kada yawan wat ya ruɗi kowa. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne, sai an ninka kusan sau goma kafin a ji ƙarar ta ninka. Abin da za a nema a jikinta shi ne layin sauti garau da na mai kaushi, maɓallan murya, ramin hedifon, da ramin jona waya don yaro ya bi kiɗan da yake koyo. Amfilifaya mai kwalabe, wato irin ta da mai bawul, a bar wa manya. Tana da tsada, ba ta jure jijjiga, kuma tana riƙe ɗaruruwan bolt a cikinta ko bayan an zare ta. Sifikar gida ta sauraron waƙa kuwa ba a yi ta don jita ba, sautin zai fito siriri ba armashi.

Ramin hedifon zai raba ku da maƙwabta faɗa, ya kuma ba yaro damar yin darasi ba tare da ya damu masu salla ko masu barci ba. Sai dai a kula da kunnensa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara ita ce kada a wuce desibel 75, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na tsawon awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin 3 a kan ma'aunin yana rage lokacin da rabi. A gida ga yadda za a gane: in kana tsaye kusa da shi kana magana da muryarka ta yau da kullum bai ji ka ba, ƙarar ta yi yawa.

Ƙananan kayan da ake rainawa su ne ke hana ruwa gudu. Waya ta zama ta jita ce ta ainihi mai rufin kariya a ciki, mai kai inci kwata, tsawon mita uku. Wayar sifika kanta iri ɗaya ne amma ba ta da wannan rufin, gurnani kawai za ta kawo. A saya na'urar saiti da ake maƙalawa a kan jita, domin yaron da ke koyo da jita marar saiti kunnensa yake ɓatawa. Jerin sautin daga mai kauri zuwa siririya shi ne E, A, D, G, B, E. Sai maratayi mai faɗi, da jaka, da abin jingina jita, da fik, wato ɗan faifan robar da ake kaɗa tsirkiya da shi, guda biyar ko shida masu kaurin milimita 0.60 zuwa 0.73, tun da ɓacewa suke yi. Tsirkiya kuma a ajiye ƙunshi biyu. Cikakkiyar jita a sa mata mai lambar kauri 9 zuwa 42, ta fi taushi. Mai gajeren wuya a sa mata 10 zuwa 46, saboda gajartar tana sa tsirkiya ta yi sako-sako, siririya sai ta riƙa zamewa daga saiti. In za a raba kuɗin, ni dai zan ba jita kashi shida cikin goma, amfilifaya biyu da rabi, ragowar a bar wa waɗannan kaya da ladan mai gyaran da zai saita ta tun ranar farko.

A koya wa yaro tsarin kunnawa tun daga farko: ƙara a sifili, a soka waya a jita, a soka a amfilifaya, sannan a kunna. Wajen kashewa a fara da amfilifaya. Ya riƙa zagayo da wayar ta bayan maratayi kafin ya soka, don in ya taka ta kada ta fizge ramin. Bayan kowane darasi ya goge tsirkiya da busasshen ƙyalle, domin gumi gishiri ne, a damina kuma tsatsa ba ta jira. Ana canza tsirkiyoyin duk wata biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, a yanke ragowar da ta leƙo a kai saboda tsininta na iya tsone ido. Sabuwar tsirkiya takan yi ta sauka a kwanakin farko, sai a riƙa ɗan jan ta da yatsa ana sake saitawa. Kada a bar jita a but ɗin mota da zafin bazara, kada kuma a jingina ta da bango.

Yatsun yaro za su yi zafi a makonni biyu zuwa huɗu na farko kafin su yi kanta, ko da jitar ta saitu. A yanke masa farcen hannun da ke danna tsirkiya, a bar shi ya yi minti goma zuwa sha biyar kullum, hakan ya fi awa biyu ranar Asabar kaɗai. In wata guda ya wuce yana kukan yatsa har yanzu, a fito da katin ATM a sake auna firet na goma sha biyu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran kayan kiɗa,
Kano.